Yadda Na Samu Izinin Zama Da Karatu A Sabiya

Tun da aka ji cewa ina karatu a ƙasar Sabiya, da wuya mako ya shuɗe ba a aiko mini da tambaya a kan yadda ake zuwa ba, kuma yawancin masu tambayar suna cikin irin duhun da na kasance a ciki lokacin da na fara wannan fafutika a farkon shekarar 2022. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da na gani daki-daki, tun daga ofishin farko da na shiga a Abuja har zuwa ranar da aka miƙa mini littafin shaidar ɗalibta a Belgrade, domin wanda zai biyo baya ya san inda ramukan suke tun kafin ya jefa ƙafa.

Na kammala digirin farko a fannin aikin gona ina da shekara 23, kuma abin da ya ja hankalina zuwa Sabiya shi ne masara, domin yankin Vojvodina da ke arewacin ƙasar shimfiɗaɗɗen fili ne na noma, kuma akwai tsohuwar cibiyar binciken irin masara a Zemun Polje da ke gefen Belgrade. Da na kai wa mahaifina maganar, sai ya ɗauka Saberiya ta Rasha nake nufi. Na ce masa: "Baba, wani ɓangare ne na tsohuwar Yugoslabiya, kuma Belgrade ce babban birninta har yanzu." Nan take ya gane, don mutanen zamaninsu sun san sunan Tito, shugaban Yugoslabiya, sarai. A Belgrade aka yi taron farko na Ƙungiyar Ƙasashen 'Yan Ba-ruwanmu a watan Satumba na 1961, kuma wannan tsohuwar zumunta ce ta haifar da tallafin karatun da na nema, wanda gwamnatin Sabiya ta soma a 2010 da sunan "Svet u Srbiji", wato duniya a cikin Sabiya, domin ɗalibai daga ƙasashen wannan ƙungiya. Sai dai Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "To, amma ba su ne aka yi yaƙin Bosniya da su ba?" Bai manta da labarin Srebrenica ba, inda aka kashe Musulmi maza da samari kimanin 8,000 a watan Yulin 1995. Ban da amsar da zan ba shi a ranar, kuma na tafi da wannan tambaya a zuciyata. Ya dai sa mini albarka, ya ce in riƙe sallata in kuma kama kaina.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a lokacin da na nema, ba a neman wannan tallafi kai tsaye kamar yadda ake cike takardar shiga wata jami'a a intanet. Ƙasar mutum ce take gabatar da sunansa, saboda haka ta hannun hukumomin ilimi na tarayya a Abuja na bi, na rubuta jarrabawa, aka kuma yi mana ganawar baki da baki. Akwai iyakar shekaru, 21 ga mai neman digirin farko, 25 ga digiri na biyu, 35 ga digiri na uku, kuma ana neman takardar likita da ke nuna mutum ba ya ɗauke da cuta mai yaɗuwa. Wahalar gaske ta fara ne a wurin tantance takardu. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar ƙasashen da hatimi ɗaya yake wadatar da takardarsu a waje, don haka dole kowace takardar makaranta ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, daga nan ta je Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan a kai ta ofishin jakadancin Sabiya da ke Abuja. Ba a tsallake mataki, ba a kuma juya jerin. A nan ne aka gano cewa sunana na tsakiya an rubuta shi iri biyu, "Muhammad" a takardar sakandare, "Mohammed" a fasfo. Mu a gida ba ma ɗaukar wannan a bakin komai, amma ga ma'aikacin da ke zaune a wata ƙasa, waɗannan mutane biyu ne dabam. Sai da na koma Kano na yi takardar rantsuwa a kotu, na sake hawa mota zuwa Abuja. Tafiya uku na yi gaba ɗaya, kuma idan aka haɗa kuɗin mota da masauki da na hatimi da kwafe-kwafe, na kashe abin da ya haura naira 90,000 a kuɗin wancan lokaci.

Daga nan sai jira. Wata huɗu na yi ban ji komai ba, har wasu daga cikin dangi suka fara cewa in nemi abin yi a gida in manta da zancen. Wannan zaman jiran ya fi yawon ofisoshi ciwo, domin a yawon ofis aƙalla mutum yana ganin ƙafarsa tana motsi. Da takardar amincewa ta iso daga Belgrade, na kai ta ofishin jakadanci tare da fasfo da hotuna da takardar likita, aka karɓa cikin mutunci, bayan mako uku kuma aka kira ni na karɓi biza. Tallafin ya ɗauki nauyin kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya da ɗan alawus na wata-wata, amma tikitin jirgi a wuyan ɗalibi yake. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Belgrade, kuma tikitin da ya fi araha ya bi ne ta wata ƙasar Tarayyar Turai, inda mai fasfon Najeriya yake buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Allah ya taimake ni wani da ya riga ni tafiya ya ankarar da ni kafin in biya, sai na sayi wanda ya bi ta Istanbul a kan kimanin dala 800.

Na sauka a filin jirgin sama na Nikola Tesla a ƙarshen watan Oktoba, jami'in kan iyaka ya duba takardar gayyata ya buga hatimi. Na canza dala 50 a wurin 'yan canji, waɗanda ake kira menjačnica, kuma a kan takardar dinar 100 na sake cin karo da hoton Teslan nan, shahararren masanin lantarki. Dinar kimanin 117 ne yake daidai da yuro ɗaya, kuma farashin bai cika motsi ba. Dokar ƙasar ta ce kowane baƙo sai an yi rajistar wurin kwanansa a wajen 'yan sanda cikin sa'a 24 da isowarsa, a ba shi shaidar da kowa yake kira beli karton, wato farin kati. Otal da ɗakin kwanan ɗalibai su suke yi wa mutum, amma wanda ya sauka a gidan wani, dole mai gidan ya yi masa. Ni an kai mu ne masaukin ɗalibai da ke kan dutsen Avala, kudu da birnin, kuma washegari mai kula da masaukin ta miƙa mini 'yar takarda fara wadda ba ta kai tafin hannu biyu ba, ta ce kada in yarda ta ɓata. Na sa ta cikin fasfo ban ɗauke ta da muhimmanci ba, sai daga baya na ga babu ofishin da zan shiga ba a fara tambayarta ba.

Biza ta shigo da mutum ne kawai, ba ita ce izinin zama ba. Izinin zama na wucin gadi, privremeni boravak, shi ake nema a sashen kula da baƙi na 'yan sanda, kuma dole a shigar da buƙata tun bizar ba ta ƙare ba. Mun je mu takwas da sassafe, da ɗaliban Ghana da Burundi da Falasɗinu, muka tarar da layi ya riga ya yi tsawo, domin a wannan shekarar Rashawa da yawa sun kwararo Belgrade bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. An nemi fasfo, da farin kati, da hotuna biyu, da fom da aka cike, da takardar da ke nuna dalilin zama, da shaidar inshora da ta abin da mutum zai ci. Sai da muka yi kusan sa'a huɗu kafin a zo kaina, kuma ma'aikaciyar ta duba ta ce hotunan da na zo da su daga gida ba su ne girman da ake so ba. Na fita na nemi mai hoto na biya dinar 600, na dawo na tarar an daina karɓar mutane a ranar. Sabiyawa da kansu suna da wata magana da suke yi game da ofisoshinsu, fali ti jedan papir, ma'ana saura takarda ɗaya, kuma wani dattijo da ke kusa da ni a layi ya faɗa mini ita don ya rarrashe ni. Na koma bayan kwana biyu aka karɓa, aka ba ni 'yar takardar shaida, bayan kusan wata guda kuma aka manna mini izinin shekara ɗaya a cikin fasfo. Wani abokin tafiyarmu bai samu cikakkiyar shekara ba, saboda fasfonsa ya kusa ƙarewa, kuma ƙa'ida ita ce fasfo ya zarce izinin da aƙalla wata uku. Tare da izinin ake samun lambar shaidar baƙo, wadda da ita na buɗe asusun banki aka kuma yi mini katin asibiti. Tun daga watan Fabrairun 2024 an sauya tsarin, ana shigar da buƙata ta intanet, ana ba da kati maimakon mannawa a fasfo, kuma izinin yana iya kaiwa shekara uku, amma takardun da ake nema kusan su ne dai.

Ba a shiga aji sai an koyi harshe, domin da Sabiyanci ake koyarwa. Wata takwas muka yi a Avala muna wannan aiki, kuma shi ne mataki mafi tsawo da nauyi a duk tafiyar. Harshen yana da rubutu iri biyu, na Kirilik wanda shi ne na hukuma, da na boko irin namu, kowanne da harafi 30. A makon farko na tsaya gaban wani shago ina kallon allon da aka rubuta ПЕКАРА na kasa gane komai, alhali pekara ce, gidan burodi, domin abin da ido yake gani kamar P a wurinsu R ne, H kuma N ce, C kuwa S. Amma da zarar an riƙe haruffan, karatu yana da sauƙi ga Bahaushe, don kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, kamar yadda muke rubuta Hausa. Wannan gyaran aikin Vuk Karadžić ne, wanda ya buga ƙamus ɗinsa a 1818 ya kuma dage a kan a rubuta harshen talakawa yadda suke furta shi. Inda gumi yake shi ne nahawu: suna yana canza ƙarshensa har hanya bakwai gwargwadon aikinsa a cikin jimla, ta yadda Beograd yake zama u Beogradu idan a ciki kake, iz Beograda idan daga can ka fito. Abin da ya riƙa sanyaya mini rai shi ne kalmomin da na tarar kamar 'yan uwa a baƙon gari. Sat suke cewa sa'a, sapun sabulu, šećer sukari, zejtin man girki, džep kuma aljihu, duk sun shigo musu ta hannun Turkawa a ƙarnonin da Daular Usmaniyya ta mulki ƙasar, wasunsu kuma daga tushen Larabcin da mu ma muka ɗebo namu.

Hunturun farko ya gwada ni. Magariba tana yi tun wajen ƙarfe huɗu, ga wata iska mai suna košava da take busowa daga gabas ta ratsa kowace riga. Abin da ya zo mini da sauƙi shi ne agogonsu na hunturu daidai yake da na Najeriya, don haka ina kiran Inna bayan isha'i ba tare da lissafi ba. A wannan lokacin ne kuma na gane cewa wanda bai san kalandar mutane ba zai sha wahalar banza. Cocin Orthodox na Sabiya yana bin tsohuwar kalanda, shi ya sa Kirsimetinsu take faɗowa 7 ga Janairu, kuma daga sabuwar shekara har zuwa tsakiyar watan al'amura tafiyar hawainiya suke yi. Ranar 15 ga Fabrairu na sauko gari da takardu a hannu na tarar ko'ina a rufe, ashe ranar ƙasa ce, Sretenje, wadda ake hutun kwana biyu dominta, don tunawa da boren farko da Karađorđe ya jagoranta a kan Turkawa a 1804 da kuma kundin tsarin mulki na 1835. Haka 11 ga Nuwamba, ranar ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya cinye musu jama'a masu ɗimbin yawa. A saman Avala, inda muke zaune, akwai kabarin sojan da ba a san sunansa ba na wannan yaƙi, kusa da shi kuma akwai doguwar hasumiyar talabijin da jiragen NATO suka rushe a 1999 aka sake ginawa aka buɗe a 2010. Mutum ba ya bin wannan hanya kullum bai fahimci cewa waɗannan mutane suna ɗauke da tarihinsu a ka kamar kaya ba. Maganar Kosovo ta fi kowacce zafi, tun daga yaƙin 1389 da suke tunawa kowace 28 ga Yuni har zuwa ayyana 'yancin kai da yankin ya yi a 2008, wanda Sabiya ba ta amince da shi ba. Game da tambayar Baba kuwa, na haɗu da waɗanda suke musun abin da ya faru a Bosniya, na kuma haɗu da waɗanda suke jin kunyarsa har muryarsu tana rawa. Ra'ayina bai canza ba a kan cewa zalunci ne aka yi, amma na koyi cewa ba a yanke wa al'umma guda hukunci da kalma ɗaya, kuma baƙo ya fi amfana idan ya saurara kafin ya buɗe baki.

Ranar 19 ga Disamba wani ɗalibi Basabiye da muka saba ya gayyace ni gidansu don slava, bikin da kowane iyali yake yi sau ɗaya a shekara domin waliyyin da gidan ya gada daga uba zuwa ɗa, kuma nasu na Nikola ne, wanda ya fi kowanne yawan masu yi. Na gaya masa tun farko cewa ni Musulmi ne, ba zan shiga ɓangaren ibadar ba, ya ce da safe ake yin wannan, baƙi da yamma suke zuwa. An koya mini in gaishe da mahaifinsa da Srećna slava, domaćine, wato barka da biki mai gida. A bakin ƙofa uwar gidan ta miƙo faranti da dafaffiyar alkama da aka haɗa da gyaɗar turawa da sukari, a gefe kuma ga ƙananan kofuna na rakija, barasar da suke yi da 'ya'yan itace. Na dafa ƙirji na ce ba na sha, sai ta juya ta kawo mini ruwan tuffa ba tare da ta canza fuska ba, tana cewa "Jedi, sine", ci ɗana. Da yake ranar ta faɗo cikin azuminsu na kafin Kirsimeti, babu nama a teburin ko kaɗan, sai kifi da gasasshen wake da kabeji, don haka na ci na ƙoshi hankali kwance. A sauran ranaku kuwa sai an yi hattara, domin naman alade yana shiga abinci da yawa, har niƙaƙƙen naman da ake cewa na shanu ne wani lokaci a gauraye yake, kuma jimlar da na fara haddacewa ita ce bez svinjetine, ban da alade. Juma'a muna yin ta a masallacin Bajrakli da ke unguwar Dorćol, wanda aka gina a ƙarni na 16, shi kaɗai ya rage daga masallatan da birnin yake da su a zamanin Turkawa, kuma a can na samu 'yan Novi Pazar, wani gari mai rinjayen Musulmi a Sabiya, da suka nuna mini inda ake sayar da naman halal.

A watan Yuni na ci jarrabawar harshe, sai aka shiga matakin amincewa da digirina na gida, abin da suke kira nostrifikacija. Ga mai son ci gaba da karatu, jami'ar ce take yin wannan aiki. Dole a fassara takardar digiri da ta sakamakon darussa zuwa Sabiyanci, kuma ba kowace fassara ake karɓa ba sai ta tafintan da kotu ta rantsar, mai hatiminsa. Na biya dinar 1,200 a kan kowane shafi, shafi tara. A nan ma maganar suna ta sake tasowa, domin Sabiyawa suna rubuta sunan baƙo yadda suke jin sa a kunne, sai na roƙi tafintan ya bar rubutun fasfo a gefen na Kirilik, kuma wannan ya cece ni daga wani dogon zagaye. Duk wani kuɗin hukuma ba a hannu ake karɓa ba, ana cike wata takardar biya mai suna uplatnica a kai gidan waya ko banki, a dawo da rasit. Sakamakon ya ɗauki fiye da wata biyu. A farkon Oktoban 2023 na yi rajista a Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Belgrade da ke Zemun, aka ba ni indeks, ɗan littafin da malami yake rubuta makin ɗalibi a ciki da hannunsa ya sa hannu, daga 5 wanda faɗuwa ce zuwa 10. Na riƙe shi a farfajiyar tsangayar na tuna takardar rantsuwar da na yi a Kano wata ashirin da suka wuce, idona ya cika da hawaye.

Wanda yake shirin wannan tafiya ya fara da daidaita sunansa a dukan takardunsa, ya kuma sabunta fasfo tun yana gida ko da saura shekara biyu ya ƙare. Ya zo da kwafin kowace takarda aƙalla uku, da kuɗin da za su riƙe shi wata biyu, domin alawus ba ya fara shigowa sai an buɗe asusu, asusu kuma yana jiran izinin zama. Ya koyi haruffan Kirilik kafin ya hau jirgi, aikin mako guda ne. Abin da na fi so a ji kuwa shi ne, Sabiya ba ta cikin Tarayyar Turai, tana dai matsayin mai neman shiga tun 2012, kuma izinin zamanta ba ya buɗe ƙofar Hungary ko Kuroshiya. Na san waɗanda suka zo da niyyar tsallakawa, suka bar karatu suka bi masu safarar mutane zuwa kan iyaka, suka rasa tallafin suka rasa izinin, suka kuma jawo wa waɗanda ke bayansu ƙarin bincike a wurin neman biza. Duk dillalin da ya ce zai kai mutum Jamus ta Belgrade, kuɗinsa yake so.

Sabunta izinin zama ya zo mini ne daidai lokacin da na tashi daga Avala na koma ɗakunan ɗalibai na Sabuwar Belgrade, kuma canjin adireshi yana nufin sabuwar rajista, don haka ita na fara yi. A lokacin ƙa'ida ita ce a shigar da buƙatar sabuntawa kwana 30 kafin tsohon izini ya ƙare, ni kuwa na je saura kwana 40, da hotuna masu girman da ake so, da takardar tsangaya mai nuna ni ɗalibi ne. Da aka kira lambata na gaishe da ma'aikaciyar da Dobar dan, na yi mata bayanin abin da ya kawo ni da Sabiyanci tun daga farko har ƙarshe. Ta gyara mini ƙarshen kalma ɗaya, ta jera takardun ta ƙirga su, ta ce in dawo bayan mako uku.